Layu Bakwai da Rabin Riga

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata ta fari, wadda duk Korgom ke kira Mai Layu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki, ya sa kun sauka Agadas ba faci, ba ɓacin mota, ba ciwon kai. In kina karanta ta, to kin kwance ƙunshin da na ce kada ki taɓa sai kin isa. In kuwa tun a tashar Tasawa kika kwance shi, Allah ya shirye ki, halin babanki kika ɗauko, ba nawa ba.

Ba labarin gari zan ba ki ba, garin da kika baro shekaranjiya. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki bik da takarda.

Ke, na gani. Tun watan da kika daina cin miyar kuka kika koma tsotsar tsamiya na gani. Kina ta jan mayafi kina tafiya a karkace, wai ke ga mai wayo, a gaban matar da ta yi goyo shida! Na lissafa da yatsuna, saura wata uku da ƴan kwanaki. Alhamdu lillahi. Ranar da na tabbata, bayan rumbu na zagaya na toshe baki da gefen zane na rangaɗa guɗa don kada kowa ya ji. Jar akuyar nan ce kaɗai ta gan ni, har ta daina tuƙa ta tsaya tana kallona.

Amma ga abin da ya hana ni sukuni. Da a gida kike, ba sai mun yi magana ba. Watan haihuwa na kamawa a je a ɗauko ki, ki sauka a ɗakina, in yi miki wankan jego, ki koma bayan arba'in. Yanzu an maida mijinki koyarwa can arewa, kin bi shi, kuma daidai kika yi. Sai dai za ki haihu cikin mutanen da ba su san ki ba. Ke ba ki ce mini komai ba don kunya, ni ban ce miki komai ba don ke ce ta fari. In muka ci gaba a haka, jikana zai sauko duniya ya tarar ba ko tsumman rufa shi. An taɓa yin haka a gidan nan, kuma ke aka yi wa.

Kin sha tambayata dalilin da ake ce miki Mai Layu. In ce ki tambayi babanki, shi kuma ya ce ki tambaye ni, ya ɗauki butarsa ya fice. To yau zamna ki ji.

Ina da cikinki a shekarar babban farin nan, shekarar da sojoji suka karɓi mulki karon farko. Rijiyar unguwarmu sai laka, gona ko irin da muka zuba ba ta maido ba. Muka tattara muka koma Tasawa wurin Goggo, yayar babanki, don can ake rabon jar dawa. Goggo ce ta ja ni gidan haihuwa awon ciki, ni da ban taɓa shiga ɗaki mai warin magani ba. Sajfam ɗin, wato ungozomar likita, wata doguwar mata ce ƴar yamma, Hausarta rabi ce, sauran ta cika da Faransanci. Ta tattaɓa ni, ta kafa wani ɗan ƙaho a cikina ta saurara, ta ce, "Yaro lafiya lau. Ranar haihuwa ki zo da layet. Layet komple, kin ji?"

Na ce, "To."

Ta ce, "Kin gane?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na gane."

Wallahi ban gane komai ba. Kunnena dai ya kama "laya", zuciyata ta ce ashe su ma likitocin sun san tsari. Goggo na waje tana hira, ban tambaye ta ba. Ina ni ina zancen haihuwa da yayar miji? Kwana uku ina juya maganar kafin in iya faɗa wa babanki, shi ma bango nake kallo. Na ce, "Malam, likita ta ce a zo da laya."

Ya ce, "Guda nawa?"

Na ce, "Ta ce komple."

Ya shafa gemu. Can ya ce shi dai a saninsa, in direba ya ce mota ta yi komple, to ta cika ba wurin zama. Ke nan da yawa ake so.

Bawan Allahn nan ya taka da ƙafarsa har Kona wurin wani malami, ya kai masa zabuwarmu ta ƙarshe da fari ya rage mana. Aka rubuta layu bakwai. Akwai ta baki, akwai ta mayu, da ta iska, da ta fitar haƙori, sauran ukun har yau bai san na mene ne ba. Baduku ya ɗinke su da jar fata. Ya dawo ƙafa duk faso, yana ta washe baki, ya ce in ɓoye su a ƙasan tukunya kada wani ya gani.

Ranar wata Talata da hantsi, cikin sanyi, kika sauko. Sajfam ta ɗaga ki kina tsala ihu, ta miƙa hannu baya ta ce, "Layet!" Goggo ta leƙa waje ta karɓo ƙullin daga hannun babanki. Aka kwance, layu bakwai suka zube bisa tebur. Sajfam ta dubi layu, ta dube ni, ta dube ki tsirara a hannunta. Sai ta fashe da dariya har ta jingina da bango, tana cewa, "Wayyo Allah, madam! Kaya! Kayan jariri! Riga, hula, zane!" Matan ɗakin duka suka ɗauka, har wadda ke tsakiyar naƙuda ta dara tana riƙe da ƙugu. Ni kuwa na ja hannu na rufe fuska, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Suna dariya, ke kuma kin fara karkarwa. Zanen jikina ya ɓaci, ɗayan tuni mun musanya shi da dawa. Babanki na tsaye a waje cikin shuɗiyar rigarsa ta aure, wai ya sa ta ne don ya tarbi baƙo da mutunci. Goggo ta fita ta gaya masa abin da ake ciki. Ya tuɓe rigar, ya sa haƙori a bakin ɗinki, ya tsaga ta gida biyu, ya miƙo rabi. Cikin rabin nan aka naɗe ki. Wata Kirista daga wajen Kanan Bakashe, wadda gadonta ke kusa da nawa, ta ciro ɗaya daga hulunan ulu biyu da ta saƙa wa nata ɗan ta sa miki. Ko sunanta ban tambaya ba, kunyar dai. Har yau in na idar da salla ina sa ta a addu'a.

Saboda haka, ɗiyata, abu na farko da za ki tanada shi ne bakinki. In likita ta faɗi kalmar da ba ki sani ba, ki ce ta sake faɗa, in ta sake ba ki gane ba ki ce ta nuna miki da hannu. Na san kin yi lakwal, karatun boko, kin fi ni Faransanci nesa ba kusa ba, amma na san "to" ɗinki, irin nawa ne sak. Ni saboda kalmar nan ɗaya na shiga ajin yaƙi da jahilci ina goye da ke, mata na nuna ni da baki. Ga amfaninsa yau, da hannuna nake rubuto miki, ba wanda ya ji tsakaninmu.

To ga layet na gaskiya, mafi yawansa yana gabanki. Zannuwa huɗun da ke sama tsofaffi ne, kada ki yamutsa fuska. Da gangan na zaɓe su, sun sha wanki sun yi laushi. Sabuwar atamfa ƙarfi gare ta, kankare fatar jariri take yi, ki bar ta sai ranar suna ki ɗaura wa kanki. Ƙarƙashinsu akwai ƙunzugu na farin akoko, ni na dalle bakinsu ɗaya bayan ɗaya ina ce wa ƙannenki matatar koko nake ɗinkawa. Za ki ga kamar sun yi yawa. Ki bari ya zo, kafin azahar za ki ga bayansu. Ki wanke da sabulu, ki shanya a rana sosai, kada ki yarda ki sa masa mai danshi.

Rigunan masu buɗaɗɗen gaba ne da igiya, don jariri ba ya son a cusa masa kai cikin wuyan riga, maɓalli kuma yana iya tsinkewa ya kai baki. Hula da safa na sa da yawa, an ce sanyin can har ruwan randa yake hana taɓawa. Gwangwanin nan man kaɗe ne, na shafa ne, ba na miya ba, ki gaya wa mijinki. Akwai sange, gidan sauro, ki ɗaura tun yanzu ke ma ki riƙa shiga, sauro ba ya jiran a haihu. Majanyin saƙi kuwa a kasuwar Mayahi na saye shi, na ja shi ni da masaƙin kowa ta gefensa kafin in yarda. Sabuwar reza na cikin takardarta tare da zaren da na dafa, kada ki buɗe, kada kowa ya yanke farce da ita. Ta ko-ta-kwana ce, in haihuwa ta riske ki a gida. Cibiya kuma kada ki bar wata tsohuwa ta barbaɗa mata toka ko wani gari, abin da likita ta ba ki shi kaɗai za ki sa.

Abin da ban iya ƙunsawa ba shi ne babbar tukunyar dafa ruwa, da bahon wanka, da itace. Itacen nan ki matsa wa maigidanki ya fara tarawa tun yanzu kaɗan-kaɗan, don na ji can tsada gare shi. In kuwa ya ce zai sayo takalmi, ko bibiro, kwalbar nan ta ba jariri madara, ki ce ya sayo hanta a madadinsu. Jariri ba inda za shi da takalmi.

Kuskurena na biyu ma a kanki na yi shi. Sajfam ta ce in ba ki nono nan take, na ce "to". Da muka koma gida tsofaffi suka ce dakashi, nonon farkon nan mai rawaya, ba shi da kyau, a matse a zubar. Su ma na ce "to". Kwana uku ana ɗura miki ruwa da nonon akuya, sai ga gudawa, idanunki suka faɗa. Na ruga da ke gidan haihuwa, matar da ta yi mini dariya rannan ba ta yi ba, faɗa ta yi mini sosai, kuma ta yi daidai. Ki ba shi dakashi, shi ne abincinsa na farko.

Ban tsaya nan ba. Ƴar furar da Goggo ke dama mini cikin wannan yunwa, sai in ture ta bayan gado in ajiye wa masu zuwa barka, wai kada su zo su tarar ba abin kai wa baki. Nono ya tsinke, kina ja kina kuka. Ranar da Goggo ta gano, ta jawo kujera ta zamna a bakin ƙofa da muciya a hannu. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Yi barka ki tashi, furar ta mai jego ce." Sai da na shanye a gabanta ta duba ƙwaryar. Buhun geron da aka ɗaure muku a kan mota naki ne ke kaɗai. Ki sha kunu, ki ci nama in ya samu, kada ki ji kunyar kowa. Amma kanwa ki sa kaɗan, ruwan wanka kuma ki tsoma gwiwar hannu tukuna. A haihuwata ta uku na cika kanwa da tafasasshen ruwa don a ce ni jaruma ce, ƙafafuna suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mini wuya, sai da aka kwantar da ni.

Za ki ce daga nan na yi hankali. Ina! A fari na biyu, ina da cikin ƙanenki Na-Hanya, layet ɗina ya zama abin kallo a Korgom. Na ɗinka, na wanke, na ninke a jaka, har mata na zuwa in koya musu kalmar ina ɗaga hanci. Ranar da naƙuda ta taso da safe, sai na ɗauki taɓarya na hau daka ina cije leɓe, don mace ba ta cewa tana ciwo. Sai la'asar da abin ya fi ƙarfina na yi magana. Amalankenmu ya tafi ɗebo ruwa can nesa, don rijiyoyin kusa sun ƙafe. Kafin a samo na maƙwabta a ɗaura jaki, lokaci ya ƙure. Ƙarƙashin wani gawo a bakin hanya yaron ya faɗo hannun Goggo. Ta ce, "Ina jakar?" Jaka na can rataye a ƙusa a ɗakina, ba wanda ya san wurinta sai ni. Babanki ya dubi rigar jikinsa, ya dube ni, ya ce, "A'a. Wannan karon kam ba ki samu." Sannan ya warware rawaninsa ya miƙo.

Don haka abin hawa ma yana cikin layet. Tun yanzu mijinki ya nemi maƙwabci mai mota su yi magana, a san inda ake samunsa. Jakar kayan, da karne, wato katin awonki, a ciki, ki rataye ta bakin ƙofa, ki kama hannun mijinki ki ɗora a kanta ki ce, "Ga ta nan." Ciwo na fara taɓa miki baya ki faɗa. In ƙarya ce a dawo da ke gida a yi miki dariya, ni ma an yi mini, ga ni nan ban mutu ba.

Saura kuskure ɗaya, shi ne ya fi daɗewa. Tun ranar da aka raɗa miki suna ban taɓa kiran sa ba. Ban ɗauke ki a gaban mutane ba, ban yi miki wasa ba, in za a ba ki abu sai in miƙa wa Goggo ta ba ki. Haka aka yi mini, haka ake yi wa ɗan fari, ban ce magabata sun yi laifi ba. Amma kina shekara shida, kina kwance da ƙyanda, na ji ki ta bayan zana kina tambayar Goggo, "Inna ba ta so na ne?" Ina tsaye da akushi a hannu. Ban shigo ba. Abin da na iya yi kawai shi ne na koma na ƙara miki man shanu a tuwo. Maganar nan ta daɗe tana ci na, ɗiyata. Ina son ki tun kina tsirara a hannun sajfam, kuma duk cikin shidan ba wanda na yi wa leƙe ta bayan zana kamar ke. In naki ya zo, ki yi kunyarki a gaban jama'a in kina so. Amma in kun shiga ɗaki ki kira sunansa, ki sake kira, har ya san muryarki da shi.

Yanzu ɗaga majanyin ki duba can ƙasa. Kin ga shuɗin ƙyalle mai aiki a gefe ɗaya? Rabin da aka naɗe ki da shi ya ƙare a jikin ƙannenki. Wannan ɗayan rabin ne, yana cikin adakar babanki tun ranar, ko ni ba ya bari in taɓa. Ina zamne ina ƙulla kayan nan ya yi sallama ya shigo, yana kallon bango, ya ajiye shi bisa tabarma ya ce, "Ga wannan, ko za a rasa tsumma." Ashe shi ma ya gani, tsohon munafuki, wata nawa yana yi kamar bai san komai ba! Ya kai bakin ƙofa ya dawo, ya laluba aljihu ya ciro laya ɗaya, ita kaɗai ta rage cikin bakwai ɗin, fatar duk ta yi baƙi. Ya ce, "Haɗa da wannan, don ya zama komple." Muka yi dariya ni da shi har na ga yana share ido da hannun riga.

Cikin ninkin rigar akwai ambulan, na rubuta adireshinmu na manna timbir, kan sarkin gidan waya. Na san ba za ki iya ce mini komai ba, kuma ban ce ki faɗa ba. Haruffa biyu kawai nake so, z da o. A al'ada ba ni ce zan bi ki gidan miji ba, ke ce za a kawo mini. To al'ada ta yi haƙuri bana. Na riga na tambayi ranakun da motar arewa ke tashi. Tunda sojoji suka dawo ana tsaida mota a kowane shinge a duba takarda, don haka na je na yi katin shaida, hoton ya fito idona ɗaya a rufe, ƙannenki sun kusa shiɗewa don dariya. Kanwa da yaji na nan a ƙulle. Amma ba ni tasowa sai kin kira, don ɗakinki ne, kuma ina so in ga bakin nan naki ya buɗe ko sau ɗaya kafin ranar.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce na ba shi amana biyu. Babanki na gaishe ku, Goggo na gaishe ku, ta ce in kin ajiye wa baƙi furarki muciyarta na nan. Allah ya tsare ku a baƙon wuri, ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Allah ya raba ku lafiya, ya sauke ki cikin sauƙi, da rana tsaka, a hannun masu tausayi. Allah ya kawo mai albarka, mace ko namiji, ya ba mu damina mai kyau ya tarar da rumbu cike. Amin.

Ɗazu na sake zagayawa bayan rumbu na gwada faɗa da baki, don kada in iso ya maƙale mini. Sau biyu muryar ta ƙi fita, na uku ta fita, akuyar nan ta sake tsayawa tana kallona. Ga shi a rubuce kafin ki ji shi da kunnenki.

Sa'adatu. Sa'adatu ɗiyata, ki ce in zo.

Ni ce,
Innarki.